Yabon da Ya Makara da Shekara 18

A shekarar 2022, gidauniyar Poetry Foundation da ke birnin Shikago ta yi abin da ba ta saba yi ba. Lambar yabonta ta Ruth Lilly, wadda bisa al'ada sha'iri ɗaya ake bai wa kowace shekara don girmama aikin da ya shafe rayuwarsa yana yi, sai ta raba ta ga mutum 11 a lokaci guda, kowannensu da dala 100,000. Dalilin da aka bayar shi ne cikar mujallar Poetry shekara 110 da kafuwa. A cikin waɗanda aka kira akwai Sonia Sanchez mai shekara 88, da Haki Madhubuti mai shekara 80, da Nikki Giovanni mai shekara 79. Dukkansu baƙar fata ne, dukkansu kuma sun fara fitar da littattafan waƙa tun a shekarun 1960.

Sai dai waɗannan mutum uku sun riga sun karɓi irin wannan karramawa shekara 18 kafin nan, a wani ƙaramin gari mai suna Harrisonburg a jihar Virginia. A can ne, a Jami'ar James Madison, taron Furious Flower na 2004 ya ba su lambar yabo ta hidimar rayuwa, tare da Amiri Baraka da Lucille Clifton da wasu. Taro ne na sha'irai baƙar fata wanda Farfesa Joanne Gabbin ta assasa a 1994 domin girmama Gwendolyn Brooks, aka kuma samo sunansa daga wata waƙarta. Ana yin sa sau ɗaya a shekara goma.

Clifton ta rasu a 2010, Baraka a farkon 2014, Giovanni kuma a watan Disamba na 2024, shekara biyu kacal bayan Shikago ta tuna da ita. Wannan tazara ta shekara 18 ita ce amsar farko ga duk mai tambayar ko har yanzu akwai buƙatar baƙar fatar Amurka su riƙa shirya nasu bikin adabi suna karrama nasu dattawan. Akwai buƙata, kuma ba ƙarama ba.

Hujjar masu suka

Masu sukar irin wannan biki ba duka ne masu mugun nufi ba, kuma hujjarsu ta cancanci a saurare ta yadda take. Suna cewa waƙa ba ta da launin fata, baiti mai kyau mai kyau ne ko wa ya rubuta shi. Suna cewa lambar da aka keɓe wa jinsi ɗaya tana rage darajar wanda ya karɓe ta, domin tana nuna kamar bai isa ya yi takara a babban fage ba. Suna kuma nuni da cewa zamani ya sauya: Natasha Trethewey ta ci lambar Pulitzer a 2007, Tracy K. Smith a 2012, Gregory Pardlo a 2015, Tyehimba Jess a 2017, Jericho Brown a 2020. Tunda ƙofa ta buɗe, in ji su, me ya sa za a ci gaba da shiga ta taga? Wannan ra'ayi ya ƙara samun gindin zama bayan watan Yuni na 2023, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i. Tun daga nan duk wani shiri da ke ɗauke da sunan baƙar fata ya koma abin tuhuma a idon wasu.

Hujjar tana da daɗin ji, amma ta ginu ne a kan mantuwa iri uku.

Mantuwa ta farko: ƙofar ba ta daɗe da buɗewa ba

An fara ba da lambar Pulitzer ta waƙa a 1922. Sai a 1950 baƙar fata na farko ya samu, wato Gwendolyn Brooks, da diwaninta Annie Allen, tana da shekara 32. Ita da kanta ta sha ba da labarin cewa ranar da aka kira ta aka shaida mata, an yanke wutar gidanta saboda ba a biya kuɗi ba. Daga ita kuma sai da aka yi shekara 37 kafin wani sha'iri baƙar fata ya sake ci, lokacin da Rita Dove ta samu a 1987. A cikin waɗannan shekaru 37 Langston Hughes ya yi rubutu har ya rasu a 1967 ba a ba shi ba. A cikinsu Robert Hayden ya yi mafi kyawun aikinsa, Margaret Walker da Sterling Brown suna raye, sabon yunƙurin adabin baƙar fata na shekarun 1960 ya taso ya cika zauruka da masu sauraro. Babu mai hankalin da zai ce a tsawon wannan lokaci ba a samu littafi ko ɗaya na baƙar fata da ya kai a ba shi ba. Abin da ya faru shi ne masu riƙe da ma'aunin ba su ga dama ba.

Ita kanta karramawar 2022 ba haka kawai ta faɗo ba, ruwa ba ya tsami banza. A watan Yuni na 2020, bayan kisan George Floyd, ɗimbin sha'irai sun sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna zargin Poetry Foundation da yin ko-in-kula da baƙar fata, har shugabanta ya yi murabus. Shekara biyu bayan haka aka kira dattawan nan aka ba su abin da ya kamata su samu tun suna da sauran ƙarfi. Yabon da sai an yi zanga-zanga yake fitowa ba abin dogaro ba ne, domin ranar da guguwar ta lafa yana iya komawa inda ya fito.

Mantuwa ta biyu: wa ya shuka abin da ake girba

Lambar Pulitzer tana auna littafi ɗaya ne da ya fito a shekara ɗaya. Ba a tsara ta don ta ga mutumin da ya shafe shekara 40 yana buga littattafan wasu, yana koyar da yara, yana karanta rubutun matasa cikin dare ba. Alhali a tarihin adabin baƙar fatar Amurka wannan aikin na bayan fage shi ne ginshiƙi, saboda manyan kamfanonin ɗab'i na New York sun daɗe suna buɗe ƙofa ga mutum ɗaya ko biyu su rufe wa saura.

Dudley Randall ma'aikacin ɗakin karatu ne a birnin Detroit. A 1965 ya ɗauki dala 12 daga aljihunsa ya buga waƙarsa guda a kan falle ɗaya, wadda ya yi game da yara mata huɗu da bam ya kashe a wata majami'a a Birmingham a 1963. Daga wannan falle maɗaba'ar Broadside ta samo asali, kuma ita ce ta buga littattafan farko-farko na Sanchez da Giovanni da Madhubuti. Shi Madhubuti a 1967 ya kafa Third World Press a wani ɗakin ƙasa a kudancin Shikago, da jarin dala 400. Naomi Long Madgett ta riƙe Lotus Press a Detroit tun daga 1972, tana buga waɗanda ba wanda ya kula da su. Gwendolyn Brooks kuwa, bayan ta halarci taron marubuta baƙar fata a Jami'ar Fisk a 1967, ta bar babban kamfanin Harper da ya buga littafin da ya ci mata Pulitzer, ta koma ba Broadside sababbin waƙoƙinta. Ta zaɓi ƙaramar maɗaba'a da saninta, domin sunanta ya jawo mata masu saye. Ta kuma daɗe tana biyan kuɗin gasar waƙa ta 'yan makaranta a jihar Illinois daga aljihunta.

A 1996 Toi Derricotte da Cornelius Eady suka kafa ƙungiyar Cave Canem, wadda ke tara matasan sha'irai baƙar fata kowace bazara suna horar da su. A nan ne hujjar masu suka take juyowa ta sare su. Natasha Trethewey da suke kafa misali da ita, littafinta na farko ya fito ne bayan ta ci gasar Cave Canem ta farko a 1999, kuma Rita Dove ce ta zaɓe shi. Tracy K. Smith ita ma gasar Cave Canem ce ta fitar da littafinta na farko. Pardlo da Jess duk sun zauna a zauren wannan ƙungiya. Ma'ana, nasarorin da ake nunawa a ce ba a ƙara buƙatar cibiyoyin baƙar fata, amfanin gonar waɗannan cibiyoyi ne. Wanda ya ga rumbu ya cika ya ce a daina noma, shi ne zai fara kuka baɗi.

Lambar hidimar rayuwa a bikin baƙar fata ita ce kusan kaɗai ke auna wannan aiki tun kafin duniya ta farga. Taron Furious Flower ya karrama Derricotte a 2014. Hukumar da ke ba da lambar littafi ta ƙasa a Amurka ta karrama Cave Canem a 2016. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ya san wanda ya hau sama ya gyara.

Mantuwa ta uku: yadda sha'iri ke ɓacewa

Shahara ta yau ba ta hana mantuwar gobe. Phillis Wheatley, wadda aka sato daga Afirka ta Yamma tana yarinya aka sayar a Boston a 1761, ta fitar da diwaninta a Landan a 1773, bayan manyan mutanen Boston 18 sun sa hannu sun shaida cewa ita ce ta rubuta da kanta. Sunanta ya kai ko'ina. Duk da haka ta nemi masu tallafa mata ta buga diwani na biyu ba ta samu ba, ta rasu a 1784 cikin talauci, rubutun kuma ya ɓace.

Sterling Brown ya fitar da Southern Road a 1932, masana suka yaba. Diwaninsa na biyu aka ƙi bugawa. Ya ci gaba da koyarwa a Jami'ar Howard, sai a 1975 wani littafin waƙarsa ya sake fitowa, kuma Broadside ce ta buga shi. Shekara 43 ke nan. Cikakken kundin waƙoƙinsa bai fito ba sai a 1980, da taimakon sha'iri Michael Harper. Zora Neale Hurston, wadda aka fi sani da ƙagaggun labarai, ta rasu a 1960 a gidan marasa galihu a jihar Florida, aka binne ta ba alama a kabarinta. An ma cinna wa takardunta wuta, wani jami'in tsaro da ya san ta ya kashe wutar ya ceci abin da ya saura. Sai a 1973 Alice Walker ta je ta nemi wurin ta kafa dutse.

A duk waɗannan labarai, wanda ya je ya tono sunan da aka binne ɗan gida ne. Ba kwamitin wata babbar lamba ba ne ya dawo da Brown ko Hurston cikin manhajar makarantu, 'yan uwansu marubuta ne suka fara. Bikin karramawa hanya ce ta yin wannan aiki tun mutum yana numfashi, yana iya gyara kuskuren da aka yi a tarihinsa, yana iya faɗin inda ya ajiye rubutunsa.

Inda masu suka suke da gaskiya

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Taron baƙar fata ma yana iya yin zalunci, kuma ya taɓa yi. A 1966, a taron marubuta na Jami'ar Fisk, inda Robert Hayden ya riga ya shafe shekara 20 yana koyarwa, an yi masa ca saboda ya nace cewa shi sha'iri ne kafin komai, ba ya son a auna aikinsa da launin fatarsa. Matasa masu zafin kishi suka ɗauke shi a matsayin wanda ya juya wa mutanensa baya, ko da yake 'yan kaɗan ne suka kai shi rubuta tarihin bauta da gwagwarmaya cikin waƙa. Wannan shi ne haɗarin gaske: lambar yabo ta koma ladan biyayya ga wata aƙida, a karrama mai ɗaga murya a ƙyale mai zurfin aiki.

Amma labarin bai ƙare a Fisk ba. A wannan shekara ta 1966, bikin fasahar baƙar fata na duniya na farko, wanda shugaba Léopold Sédar Senghor ya shirya a Dakar, ya bai wa Hayden babbar lambar waƙa saboda diwaninsa A Ballad of Remembrance, littafin da wata 'yar ƙaramar maɗaba'a ta buga a Landan. Shekara goma bayan Dakar, a 1976, Amurka ta naɗa shi mai ba da shawara kan waƙa a ɗakin karatu na majalisar dokokinta, baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin. Taron baƙar fata ne ya muzanta shi, taron baƙar fata ne kuma ya riga kowa ɗaga shi. Darasin da ke ciki shi ne a faɗaɗa zauren ya ɗauki kowane salo, kuma hakan ake gani a Harrisonburg. Dandalin da ya karrama Baraka mai harshen wuta a 2004, shi ne ya karrama Rita Dove da Michael Harper da Yusef Komunyakaa a 2014, mutanen da tafarkinsu ya fi kusa da na Hayden. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Nauyin da ke kan masu shirya biki

Kare wannan al'ada ba ya nufin yabon duk abin da aka yi da sunanta. Akwai karramawar da ba ta wuce liyafar dare ɗaya ba: a kira dattijo, a tashi a tafa masa, a miƙa masa allo mai rubutun zinariya, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Washegari littattafansa suna nan ba a kasuwa, takardunsa suna cikin kwali, kuɗin asibiti yana jiransa. Irin wannan biki masu shirya shi yake yi wa ado. Karramawar da ta amsa sunanta tana da sharuɗɗa uku.

Na farko, ta zo a kan lokaci. An yanke shawarar bai wa Lucille Clifton lambar Frost ta ƙungiyar sha'iran Amurka a 2010, amma ta rasu a watan Fabrairu kafin a miƙa mata. Ihu bayan hari ke nan. Ko shi kansa taron Furious Flower bai kuɓuta daga wannan suka ba, domin shekara goma tazara ce mai tsawo ga wanda ya haura 70. Brooks tana da shekara 77 aka karrama ta a 1994, ta rasu a 2000. Da an jira taro na biyu, da kujerarta babu kowa.

Na biyu, ta mayar da littafin hannun mai karatu. Sha'irin da ba a iya sayen diwaninsa ya mutu ko yana raye. Wannan ya ƙara zama abin damuwa tun watan Maris na 2024, lokacin da Small Press Distribution, kamfanin da ya shafe fiye da shekara 50 yana rarraba littattafan ɗaruruwan ƙananan maɗaba'u a Amurka, ya rufe ba zato. Yawancin waƙa a irin waɗannan maɗaba'u take fitowa. Kuɗin da za a kashe a liyafa guda ya isa a sake buga tsohon diwani a raba wa ɗakunan karatu.

Na uku, ta bar abin da zai dawwama. A nan taron 1994 ya kafa misali mai kyau. An ɗauki karatun waƙoƙi da hirarraki a bidiyo aka fitar da su don amfanin makarantu, kuma a 1999 Gabbin ta shirya littafi daga maƙalu da hirarrakin taron. Daga baya taron ya zama cibiya mai zaman dindindin a jami'ar. Saboda haka ɗalibin da aka haifa bayan rasuwar Brooks yana iya ganin fuskarta, ya ji yadda take jan baiti da muryarta. Allon bango ba ya yin wannan.

Abin da ke kan sikeli

A watan Janairu na 2021, Amanda Gorman mai shekara 22 ta karanta waƙarta a bikin rantsar da shugaba Joe Biden, duniya tana kallo. A 2023 wata makaranta a kusa da Miami ta janye littafin wannan waƙa daga sashen ƙananan yara, bayan ƙorafin mahaifiya guda. Shekara biyu ke nan tsakanin mumbarin fadar ƙasa da janyewa daga kanta. Wanda ya lura da wannan ba zai ce a rushe gidan gado don an samu masauki a gidan wani ba.

Al'ummar da ta miƙa wa wasu ikon yanke hukunci kan waye gwaninta, ta miƙa masu ikon yanke hukunci kan abin da jikokinta za su karanta. Wannan ne ake karewa a duk lokacin da aka kira dattijon sha'iri gaban 'yan uwansa aka ce ya yi aiki. Babu wanda ya hana shi cin Pulitzer, babu kuma wanda ya ce lambar gida ta fi ta waje kuɗi ko suna. Bambancin shi ne ta gida ba ta jira sai an yi zanga-zanga. Taron Furious Flower na huɗu ya gudana a watan Satumba na 2024, na gaba kuma bisa al'ada sai 2034. A tsakanin nan akwai dattawan da shekarunsu ba za su jira ba, kuma masu shirya bukukuwan adabin baƙar fata, manya da ƙanana, sun san sunayensu.